Noman Kabewa da Sauran Kayan Lambu a Rumfar Leda

Gabatarwa

Rumfar leda ɗaki ne da ake kafawa da bututun ƙarfe da aka lanƙwasa kamar baka, a rufe samansa da leda mai kauri, a kewaye gefensa da raga. A ƙasashe masu sanyi irin su Ingila ana kafa ta ne domin a tara wa shuka ɗumi. Mu a Nijeriya ba ɗumi muka rasa ba, in ban da tsaunukan Jos da na Mambila inda daren hunturu kan yi tsanani. Amfaninta a wurinmu shi ne ta tare ruwan sama mai dukan ganye da fure, ta kuma hana ƙwari shiga. Duk wanda ya ga ɓarnar da tsutsar tumatir, wadda manoma suka laƙaba wa suna Sharon, ta yi a jihohin Kano da Kaduna da Katsina a shekarar 2016 ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan.

Kafa Rumfa

Wadda aka fi gani a ƙasar nan tana da faɗin mita 8 da tsawon mita 24. A nemi leda mai kaurin maikiron 200 wadda aka sarrafa domin jure rana. Ledar kasuwa ta yau da kullum takan ruɓe kafin shekara ta zagayo. Ragar gefe ta kasance mai ƙananan idanu, yadda farin ƙuda ba zai ratsa ba, domin shi ke yaɗa cutar nannaɗewar ganyen tumatir. A yi ƙofa biyu, ta waje da ta ciki, kada kuma a buɗe su a lokaci guda.

Babban abokin gabar mai rumfa shi ne zafi. A rataya ma'aunin zafi daidai tsayin shuka. Idan ya wuce digiri 35, fure kan zube ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Saboda haka a ɗaga rufin sosai, a bar masa kafar fitar iska a sama, a kuma shimfiɗa ragar inuwa a watannin Maris da Afrilu.

Wace Kabewa?

Kabewarmu ta gida mai yaɗo tana cin fili, ga shi kuma tana yi a bayan gida ba tare da wani kashe kuɗi ba. Ba ta cancanci rumfa ba. Wadda ta dace ita ce ƙaramar kabewa marar yaɗo da ake kira zukini, wadda otal-otal da manyan kantunan Abuja da Legas ke saye. A shuka ƙwaya biyu a rami mai zurfin santimita 2 zuwa 3, a bar tazarar santimita 60 zuwa 90 tsakanin rami da rami, sannan a cire guda bayan sun tsiro. Ana fara tsinka cikin kwana 45 zuwa 55, lokacin da ɗan ya kai tsawon santimita 15 zuwa 20. Amma fa manomi ya san mai saye kafin ya zuba iri, domin ba kowace kasuwa ce ta san ta ba.

Barbarar Fure

A nan ne akasarin sababbin masu rumfa kan yi asara. Kabewa tana fitar da fure iri biyu a gindi ɗaya, namiji da mace. Namijin yana kan siririn kara, shi ne kuma kan riga fitowa da kamar mako guda. Macen tana da ɗan kumburi a ƙarƙashinta, wanda shi ne zai zama kabewa. A fili, ƙudan zuma ke ɗaukar garin furen namiji ya kai wa macen. To ragar da ta hana farin ƙuda shiga ita ce dai ta hana ƙudan zuma.

Idan ba a yi barbara ba, ɗan yakan kai girman yatsa, ya yi rawaya, ya fara ruɓewa daga baki, ya faɗi. Manomi sai ya ɗauka cuta ce, ya sayo magani ya yi ta feshi, ko ya ƙara taki. Ya kamata malamin gona, kafin ya ba da shawarar wani magani, ya fara tambayar wa ke yi wa furen barbara.

Aikin ba shi da wuya, sai dai yana son sammako, domin furen na buɗewa da asuba ne, ya rufe kafin azahar, kuma ba ya sake buɗewa. Tsakanin ƙarfe 6 da 9 na safe, a tsinko furen namiji da ya buɗe a ranar, a yage ganyensa mai rawaya har sai tsinken tsakiya mai gari ya bayyana, sannan a goga shi a hankali a tsakiyar furen mace, a tabbata ya taɓa ko'ina. Barbarar da ba ta game ba ita ke kawo ɗa mai ƙaton gindi da tsukakken baki. Namiji ɗaya ya ishi mata biyu ko uku. Haka za a riƙa yi kowace safiya muddin ana fure.

Sauran Kayan Lambu

Furen tumatir da na tattasai kowanne na ɗauke da namiji da mace tare, don haka girgiza igiyar da aka ɗaure su da hantsi ya wadatar. Akwai kuma irin kokwamba na rumfa mai ƙulla ɗa ba tare da barbara ba. A tambayi mai sayar da iri.

Ƙasa da Cututtuka

A yi ban ruwa ta bututun ɗigo, ko a zuba a gindi, kada a jiƙa ganye. Idan farin gari mai kama da toka ya bayyana a tsofaffin ganye, a yanke su a fitar da su daga rumfar, a ƙara buɗe hanyar iska. Tunda rumfa ba ta tashi daga wuri guda, tsutsar nan da ido ba ya gani, mai sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, takan taru a ƙasarta, kuma tana cin kabewa da tumatir da kokwamba duka. Sauya ɗaya da ɗaya cikinsu ba zai rage ta ba. Bayan girbin bazara, a tuge saiwoyin a ƙone, a jiƙa ƙasar sosai, a lulluɓe ta da farar leda mai haske na mako 4 zuwa 6, a kuma rufe rumfar ruf domin zafin ya ratsa ƙasa kafin a sake shuka.