Darasi: Dutsen Zagami da Neman Alamar Rai a Duniyar Mars

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata ya soma ne daga ƙasar maƙwabtanmu. Ran 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana korar hankaki daga gonar masararsa a Zagami, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Faskari ta Jihar Katsina, sai ga wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama dab da shi. Daga baya masana suka tabbatar cewa ya fito ne daga Mars, duniyar da ke bin tamu a jerin masu kewaya rana. Ta yaya suka sani? A 1995 sun tarar da iska a kulle cikin dutsen, irin wadda kumbunan Viking na Amurka suka auna a Mars a 1976. Wannan ita ce hujja.

To, ko an taɓa yin rai a can? A nan wajibi ne mu bambanta hujja da alama. A 1996 masanan hukumar NASA suka ce sun ga abin da ya yi kama da sawun ƙananan halittu cikin wani dutsen Mars da aka tsinta a Antatika. Yawancin masana ba su gamsu ba, domin irin wannan siffa tana iya samuwa ba tare da rai ba. A 2021 na'urar Perseverance ta sauka a Jezero, gurbin wani tafki da ya ƙafe tun zamanin da. A 2024 ta sami wani dutse mai ɗige-ɗige, a Satumba 2025 kuma NASA ta ce mai yiwuwa alamar rai ce. Mu lura da kalmar nan, "mai yiwuwa". Hukunci yana jiran a kawo samfurin duniyarmu a gwada shi.

Mu manoman Rogo Ruma da Karaye mun san wannan tun daga kakanni: ganin hadari ba ya sa a zubar da ruwan tulu. Masana suna bin alama da himma, amma ba su kiranta hujja kafin ta nuna. Mu ma kullum labarai suna iso mana, na magani, na maƙwabci, na baƙo, kuma saurin gaskatawa ya sha raba zumunci.

Don tattaunawa: wace alama muka taɓa ɗauka hujja a kan ɗan'uwanmu? Me ya kamata mu tambaya kafin mu yaɗa labari?