Tohon Itace A Cikin Lambu

Sau da yawa mai lambu yakan sare tsiron itace a cikin kwamin albasa, bayan 'yan makonni ya tarar sun zama huɗu. Dalili kuwa bai san irin tsiron ba ne.

Tsiron nan iri biyu ne. Akwai wanda ya fito daga ƙwaya, kamar 'ya'yan dalbejiya da tsuntsaye ke yarwa. Wannan in ƙasa na da danshi, da hannu ma a tumɓuke shi. Akwai kuma toho, wanda ke fitowa daga saiwar babban itace, kamar ɗunɗu da gwaiba. Alamarsa ita ce yakan fito a jere, in an ja ya ƙi fita.

Sare toho daga sama ɓata ƙarfi ne. Sai a tona har a iske saiwar, a datse ta da gatari a bakin lambu, a zare ta. A riƙa zagayawa kowane mako.

Lemu mai aure kuwa, duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren a cire shi tun yana ɗanye. In an bar shi zai shanye abincin uwar, 'ya'yan kirki su ƙare.