Zango Ɗaya a Jeneba

'Ya'yana masu karatun digiri na biyu a fannin hulɗar ƙasashe, labari ya iso mini cewa da yawanku na neman damar fita waje su yi zangon karatu ɗaya, su dawo su ƙarasa a jami'arsu ta gida, kuma garin da ya fi yawo a bakinku shi ne Jeneba ta ƙasar Suwizalan. Ban ga laifinku ba. A can Hukumar Lafiya ta Duniya take da hedikwata, haka ma Ƙungiyar Ƙwadago, da ta Ciniki, da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira. Akwai kuma makarantar da aka kafa tun 1927 domin wannan fanni, wadda marigayi Kofi Annan ya taɓa zama a ajinta. Gani ya kori ji, wannan ba a musu.

Sai dai zango ɗaya wata huɗu ne, ko ya ɗan ɗara. Na farko neman ɗaki da sabawa da sanyi da gano motar da za a hau su ke cinye shi, na ƙarshe kuwa na jarrabawa ne da ɗaure kaya. Ɗan abin da ya rage a tsakiya bai isa mutum ya san duniya ba. Ya isa dai ya bi sawun tambaya guda har ya ga inda ta kwana. Don haka kada ɗayanku ya hau jirgi sai da tambayarsa a hannu, kuma ta zama tambaya ce da ya taho da ita daga gida, wadda in ya faɗa wa kawunsa manomi zai gane abin da ake nufi.

Ku ɗauki auduga. Duk wanda ya tashi a wajajen Funtuwa ko Gusau ya ji manya na labarin zamanin da auduga ke aurar da 'ya'ya ta kai mutum Makka. A 2003 ƙasashe huɗu na Afirka, wato Benin da Burkina Faso da Mali da Chadi, suka haɗa kai suka kai kukansu gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, cewa tallafin da ƙasashe masu arziki, musamman Amurka, ke ba manomansu yana karya farashi a kasuwar duniya, talakan da ke noma da fartanya shi ke kwana a ciki. Sai a 2015, a taron Nairobi, aka amince a soke tallafin fitar da amfanin gona waje. Tallafin da ake ba manomi a cikin gida kuwa, wanda shi ne asalin kukan, har yanzu ana ta kai da komo a kansa. Me ya sa? Domin a wannan ƙungiya ba a saba yanke magana da ƙuri'a ba, sai kowa ya yarda, ƙasa ɗaya in ta noƙe an tsaya ke nan. Ɗalibin da ya bi wannan zance tun daga takardar farko, ya nemi ganin jami'an ofishin jakadancin ɗaya daga ƙasashen nan huɗu ya tambaye su yadda suke fama, ya fi wanda ya halarci taro hamsin bai san abin da yake nema ba. Ita kanta ƙungiyar 'yar Najeriya ce ke shugabantarta tun 2021, Ngozi Okonjo-Iweala, amma kada ku ɗauka hakan na nufin ta iya juya ƙasashe yadda take so. Sakatariya hidima take yi wa mambobi, su ke da wuƙa da nama.

Wanda zuciyarsa ta fi karkata ga tarihi, shi ma akwai rabonsa, kuma rabo ne da 'yan Arewa ba su cika nema ba. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, an raba Kamaru ta Jamus tsakanin Faransa da Ingila a matsayin riƙon amana ƙarƙashin tsohuwar Majalisar Ƙasashe mai zama a Jeneba. Cikin rabon Ingila har da ƙasar Dikwa da Mubi. Kowace shekara sai Turawan mulki sun aika rahoto ga kwamitin da ke sa ido a kan riƙon, kuma wanda ya zauna wa Ingila a kwamitin fiye da shekara goma, har zuwa 1936, shi ne Lugga, wannan dai Luggan da kuka sani. Ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ce ta kawo yankin cikin Najeriya, aka raɗa masa Lardin Sardauna. Takardun zamanin tsohuwar majalisar suna nan a ajiye a fadar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada. Ɗan Adamawa ko Barno da ya zauna ya karanta abin da aka rubuta a kan harajin kakanninsa da sarakunansu, zai ga cewa siyasar duniya ta daɗe da shiga har cikin zauren gidansu.

Game da tarurruka kuwa, ku rage zumuɗin babban zaure. Jawabin da jakada ke karantawa a can an gama rubuta shi tun kafin ya zauna. Aikin gaske a ƙananan ɗakuna ake yin sa, inda wakilai ke ɓata yini a kan kalma ɗaya ta daftarin ƙuduri, wannan na son a ce ƙasashe "za su yi", wancan na son a ce "ana ƙarfafa musu gwiwa su yi". Wanda bai sani ba sai ya ce ɓata lokaci ne, alhali tsakanin waɗannan biyun ne kuɗi da alhaki suke. In an ba ku izinin shiga, ku zauna a baya da alƙalami, ku lura da wanda ya yi magana da wanda ya yi shiru. Ku lura kuma da yawan mutane: wata ƙasa ta turo ƙwararre ga kowane ɗaki, wata kuwa jami'i ɗaya ne ke gudu tsakanin taro uku. Wannan kaɗai zai bayyana muku dalilin da ya sa ƙasashen Afirka ke taruwa su tsayar da magana ɗaya kafin su shiga. Kwamitin Kare Haƙƙin Ɗan Adam, mai mambobi 47, yana zama sau uku a shekara, babban taron lafiya kuma a watan Mayu ake yin sa. Ku duba kalanda kafin ku zaɓi zangon da za ku je.

A aji za a riƙa juyowa gare ku duk lokacin da aka ambaci Afirka, kamar ku ne wakilan nahiyar baki ɗaya. Kada ku karɓi rawanin da ba naku ba. Ku faɗi abin da kuka sani na garinku da ƙasarku, ku tsaya nan. Na ga yara iri biyu da ba su burge ni ba: mai zagin ƙasarsa don a tafa masa, da mai musun ɓarnar da kowa ya gani don kishi. Dukansu biyu malami mai hankali ba ya ɗaukar su da nauyi. Ku kuma 'yan Najeriya, ku koyi Faransanci ko na gaisuwa da cefane ne kafin ku tafi. 'Yan'uwanku na Maraɗi da Damagaram sun riga ku a nan, su kuma sai su dage da Turanci, don yawancin ciniki a ƙananan ɗakunan nan da shi ake yi.

Maganar aljihu ba ta son kunya. Jeneba na cikin garuruwa mafi tsada a duniya, ɗaki kuma wuyar samu gare shi, shi ya sa wasu ɗalibai ke kwana a garuruwan Faransa na bakin iyaka su riƙa shigowa da safe. Kada ku yi haka sai kun tabbatar takardar zamanku ta yarda. Zaman da ya wuce kwana 90 yana bukatar biza ta dogon zama, ba ta yawon buɗe ido ba, kuma za a nemi shaidar kuɗin ciyar da kai da inshorar lafiya. In babu tallafin karatu, ku yi lissafi da iyayenku ido da ido. Ban yarda a sayar da gonar gado saboda wata huɗu ba. Adis Ababa na nan da hedikwatar Tarayyar Afirka, Abuja da ta ECOWAS, Njamena da Hukumar Tafkin Chadi wadda aka kafa a 1964, kuma wata tambayar ma a can amsarta take. Kafin tafiya, ku sa malamin da ke duba kundinku da shugaban sashe su rubuta, su sa hannu, cewa darussan da za ku ɗauka a can za a lissafa muku su a nan. Alkawarin baki ba ya shiga takardar sakamako.

Sallah ba za ta gagare ku ba, akwai babban masallaci a garin tun 1978. Ku dai kula da lokutan hunturu, don la'asar da magariba kan matso kusa har su riske ku a aji.

In zango ya ƙare, ku dawo ranar da takardarku ta ce, saboda ƙanenku da zai nemi biza baɗi. Da kun huta gajiya, ku tara 'yan sashenku da ba su sami zuwa ba, ku buɗe kwamfuta ku nuna musu yadda ake binciko daftari da rahoto da bayanan taro. Yawancinsu suna intanet kyauta, har da takardun tsohuwar majalisar nan da aka gama ɗorawa. Ku yi musu wannan tun kafin su roƙa.