Kazar da ta hana akurki sakat

'Yata, ajiye tsumagiyar nan tukuna. Duka ba ya gyara kaza, sai dai ya karya mata fiffike ko ya sa ta daina ƙwai. Ki samu kujera ki zauna kusa da akurki da hantsi, lokacin da kika watsa musu dusa, ki ga wa kazar take sara, kuma a kan me.

Kaji suna da manya da ƙanana a tsakaninsu. Babba ce ke fara ci, ita ke zaɓar wurin kwana, in ƙarama ta yi mata shisshigi ta kai mata sara ɗaya, ƙaramar ta kauce, magana ta ƙare. Wannan ki bar su da shi. Wanda zai dame ki shi ne ki ga an tsare kaza ɗaya a lungu, an fige mata gashin ƙeya, ta rame don an hana ta kusantar kaskon ruwa.

Sau da yawa laifin na matsi ne. Da can kajin Batagarawa a sake suke yini, suna tonon gara a bayan gida da bakin gona, wadda aka kora tana da wurin gudu. Yanzu birni ya miƙo ta hanyar Dutsin-Ma, gine-gine sun cika wajen Kwalejin Hassan Usman da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, filaye sun tsuke, kaji goma suna kulle a inda bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba. To ki raba musu abinci wuri biyu, nesa da juna, ruwa ma haka, don mai saran ba za ta iya tsare duka biyun ba. Ki rataya musu ganyen zogale ko na alayyafo su samu abin tsattsaga. Ki tara musu toka da yashi a inuwa su yi birgima, yana rage musu ƙwarƙwata, wadda ita ma kan sa su tsangwamar juna. In dusa zalla suke ci, ki haɗa da gara ko ɗan ƙuli-ƙuli.

Ki kuma duba ko mai saran kwanci take. Kazar da ta kumbura gashi, tana ƙara in an matso, ba mugunta ba ce. Ai kaza mai 'ya'ya ke tsoron shirwa. Irin wannan ni ina sonta ƙwarai. Ki keɓe mata wuri, ƙwanta kwana 21 zai yi ya ƙyanƙyashe, na zabi kuwa kamar 28, kuma ba wadda ta kai mafaɗaciya iya riƙon 'yan zabi. Yara dai ki ja musu kunne, musamman mai rarrafe, don sara a ido ba ƙaramin abu ba ne.

Wadda aka ji wa ciwo ki ɗauke ta nan take, domin kaji in sun ga jini ba sa bari. Ki wanke da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ki shafa maganin jibi, kada ki mayar da ita sai ya bushe. Mai saran kuwa ki kife ta da kwando a wani ɓangare na gidan, inda ba ta ganin sauran, da ruwanta da abincinta, kamar mako guda. Kafin ta dawo wata ta gaje gurbinta, sai ta shigo da ladabi.

In kin sayo sabuwa daga kasuwar Ajiwa, kada ki jefa ta cikinsu ranar. Ki ware ta mako biyu, balle da hunturu, lokacin da annobar Nukasil ke share akurki. Allurar rigakafinta ana yin ta a Vom, ki tambayi malaman dabbobi. Bayan mako biyun, ita da sauran su riƙa ganin juna ta ramukan kwando, sannan ki sa ta cikinsu da dare.

Yanke baki da wuƙa mai zafi ban ba ki shawara ba, azaba ce in hannu bai ƙware ba. In kin yi duk wannan ta koma fidda jini, ki sayar, ki faɗa wa mai saye halinta, ko maigida ya yanka muku ita. Ki ce masa ya wasa wuƙar sosai, kuma ya kai ta bayan ɗaki inda sauran ba sa gani.