Juya Bayan Naira Ashirin Ɗin Nan

Zo nan, kishiyata, ki ɗauke takardar kuɗin nan da kika yar a gindin randa. Na ji abin da kika ce, wai naira ashirin yanzu ko ƙullin gishiri ba ta saye. Gaskiyarki. Amma kira mini 'yan uwanki ku zauna nan kan tabarma, ruwan tuwo bai tafasa ba tukuna. Miƙe ta da kyau. Na gaban nan kin san shi, Janar Murtala ne. To juya bayanta. Matar nan da ta sunkuya tana aikin tukunya, wace ce? Kun yi shiru. Shekara da shekaru tana yawo a hannunku, daga mai ƙosai zuwa mai ƙuli, ba wadda ta taɓa tambaya.

Sunanta Ladi Kwali, Bagwariya ce daga garin Kwali, can wajen Abuja. Ba ta taɓa zama a aji ba. A hannun gwaggonta ta koyi gini, irin ginin da kuke gani matan ƙauye na kawowa Babura ranar kasuwa: a kwaɓa yumɓu, a murza shi kamar igiya, a riƙa ɗora shi zagaye a kan zagaye, mai ginin tana kewaya tukunyar da ƙafa tana shafe ta da hannu har ta tashi. Bambancin Ladi shi ne ba ta yarda tukunya ta bar hannunta da ɗan karkata ba. Idan ta gama sai ta ɗauki abin zane ta tsaga mata ƙadangare, kada, kunama, kifi da tsuntsu a jiki. Sarkin Abuja na lokacin, Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a fadarsa, a nan ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. Da aka buɗe makarantar koyar da gini a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ita ce mace ta farko da ta shiga, a 1954. Daga nan sai Landan, sai Amurka, Turawa na zaune suna kallon hannunta. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Matar da ba ta san allon makarantar boko ba. Ta rasu a 1984.

Na fara da ita ne saboda ke, ƙaramarsu, da kike murguɗa baki duk lokacin da aka ce ki zo ki koyi saƙa ko ɗinki. Ba sana'a ce ke raina mutum ba, aikin ganin dama ne ke raina shi.

Bari in ba ku wani labari da idona ya gani. A 1979, lokacin nan ƙasar tamu tana cikin jihar Kano, ba a ƙirƙiro Jigawa ba sai 1991, aka ce mata su fito su jefa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa. Ina ƙaramar malamar firamare, goyon babanku, ɗana na fari, a bayana. Mun yi layi daban da na maza, rana na dukanmu, wasu tsofaffi sun zo da buta da tabarma kamar masu zuwa Idi. Wata dattijuwa a gabana ta riƙa maimaita wa kanta sunan alamar da za ta dangwala wa, don kada ta manta, ga masu makulli ga masu gida da masara. Da ta fito sai ta ɗaga babban yatsanta mai tawada tana nuna mana, tana dariya ba haƙori. Matan Kudu sun riga mu da shekara ashirin. Su sun yi zaɓe tun kafin Turawa su tafi. Mu a Arewa an ce ba a shirya ba.

A layin nan ban san cewa wata ta biya mana kuɗin tsayuwar da jikinta ba. Sai daga baya na ji labarin Hajiya Gambo Sawaba sosai. 'Yar Zariya ce, an haife ta a 1933, ubanta mutumin Gana, uwarta Banufiya. Ta yi maraici da wuri, karatunta ya tsaya a firamare, aka aurar da ita tana da shekara goma sha uku. Tana matashiya ta shiga jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a 1950, har ta zama shugabar mata. A zamanin da namiji ma ke duba hagu da dama kafin ya ambaci sunan jam'iyyar, ita ta hau dandamali tana cewa a bar mata su yi karatu, a bar su su yi zaɓe, a daina aurar da yara ƙanana, a daina aikin tilas. Ta je har Abeokuta ta ga Funmilayo Ransome-Kuti, ta ga yadda matan can suka haɗa kai. Abin da ta samu a gida shi ne duka, da gurfana gaban alƙali, da kora daga Kano, da gidan yari har sau goma sha shida.

Ba zan yi muku ƙarya in ce rayuwarta ta yi daɗi ba. Aurenta bai zauna ba, jikinta ya sha wuya, ba ta tara abin duniya ba. Kuma ni da kaina, da a ce 'yata ce, da na yi ta kuka ina roƙonta ta sassauta. Amma ta rasu a 2001 bayan ta ga mata a layin zaɓe da idonta, kuma yau akwai babban asibiti a Zariya da ke ɗauke da sunanta. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, sai dai wannan zomon ita ta yi gudun, mu muka ci naman. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga mace ta sayar da ƙuri'arta a kan taliya da sabulu.

Ku sake juyo da takardar. Janar ɗin nan yana da ƙanwa, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Kuna tsammanin ƙanwar babban mutum an shimfiɗa mata hanya? An cire ta daga makaranta tana ƙarama, aka yi mata aure, auren bai daɗe ba. Ta koma ajin yaƙi da jahilci, da girmanta, ta zauna ta koyi rubutu da karatu da Hausa. Da wannan ɗan guzurin ta rubuta Budurwar Zuciya, da Alhaki Kuykuyo Ne, da Wa Zai Auri Jahila?, har aka juya ɗaya daga ciki zuwa Turanci aka buga shi a Indiya. Kafin ita kuma akwai Hajiya Hafsat Abdulwahid, wadda littafinta So Aljannar Duniya ya fito a 1980. Duk waɗannan littattafan da kuke karantawa a waya har wayar ta faɗo muku a fuska cikin dare, waɗannan matan ne suka share fagen. Haka Mai Shari'a Aloma Mukhtar, wadda ta yi alƙalanci a Kano ta yi ta hawa mataki bayan mataki, sai da ta kai shugabar alƙalan Najeriya baki ɗaya a 2012, mace ta farko.

Wani zai ce muku duk wannan baƙon abu ne, Bature ya kawo. Ku amsa masa da ladabi, ku ce ya tambayi Sakkwato. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ta rasu tun 1864, Bature bai ci ƙasar nan ba. Ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Amma abin da ya fi burge ni a lamarinta ba yawan rubutun ba ne. Ta duba ta ga matan ƙauye ba za su iya barin gida da yara su zo birni karatu ba, sai ta zaɓi dattawan mata masu hankali, ta koyar da su, ta naɗa kowacce jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani don a san aikenta ce. Jaji ta koma ƙauyensu ta tara mata a tsakar gida ta koya musu tsarki da salla da zaman duniya, cikin waƙa don ya zauna a ka. Su ne 'Yan Taru. Ilmin bai tsaya a ɗakinta ba, ta yi masa ƙafafu.

Nan ne nake so ku tsaya ku yi tunani. Na ji ki rannan, babbarsu, kina cewa ke ce za ki zama injiniya ta farko a zuriyarmu. Allah ya sa, ya kuma nuna mini. Ga makarantar 'yan mata ta tarayya a Kazaure, ga jami'ar fasaha da aka kafa mana nan Babura a 2021. Abin da a zamaninmu sai an shiga mota an yi nisa, iyaye na zullumi, yau ya zo ƙofar gida. Amma zama ta farko ba shi da wani daɗi idan kin waiwaya ba kowa a bayanki. Ni na koyar shekaru masu yawa, kuma abin da ke hana ni barci har yau shi ne wata yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa da aka cire daga ajina tana aji biyar. Na ji haushi, na yi gunaguni a ɗakin malamai, amma ban taka na je gidansu na durƙusa gaban uwarta na yi magana ba. Ƙafata ce ta yi nauyi. Da na je, ko ba a ji ba, da na san na je.

Yarinyar nan ta maƙwabta mai tallan gyaɗa, da ke leƙo littafinki ta kan kafaɗa duk lokacin da kike bita a zaure, kin lura da ita? Ni na lura. Jiya na ga tana zana baƙaƙe da tsinke a ƙasa, tana sharewa da ƙafa idan ta ji motsi. Gobe bayan la'asar ki ɗauki tsohon littafinki na aji ɗaya da guntun fensir ki kira ta. Ni zan shiga wajen uwarta da kaina, mun saba, ba za ta ƙi ni ba.

Kawo ashirin ɗin in ajiye a bakin zane, gobe a sayi gyaɗar da ita. Tashi ki duba ruwan nan, ina jin ya tafasa, ke kuma ɗauko mini muciya.