Gidan Masaƙa da Ya Zama Masaukin Baƙi

A darasin tarihi na wannan mako mun leƙa Bibiri, wani ƙauye a yankin Kotswold na Ingila. A can akwai jerin gidajen dutse da ake kira Arlington Row. An gina su wajen shekarar 1380 don ajiye gashin tumaki. A ƙarni na 17 aka mayar da su gidajen masaƙa. Yadin da suka saƙa akan wanke shi a injin da ruwan kogi ke juyawa, sannan a shanya shi a filin da ke gaban gidajen.

Yanzu ƙungiyar National Trust, wadda aka kafa a 1895, ita ke kula da su. Gida mai lamba 9 ana ba masu hutu hayarsa, kuɗin kuma na taimakawa wajen gyara. Baƙo sai ya riƙa sunkuyawa saboda ƙofofin gajeru ne, kuma doka ta hana a sauya ko da taga ba tare da izini ba.

Sauran gidajen akwai mutane a ciki, su ne ma suka ba mu tausayi. Tun da safe masu yawon buɗe ido ke cika ƙofarsu suna ɗaukar hoto.