Tsohuwar aska da tsohon inji

'Ya'yana, na ga kun fara zaƙulo asake daga zabirar kakanninku kuna son raba su da tsatsa, har da irin masu naɗewa da aka buga wa sunan Sheffield ta Ingila ko Solingen ta Jamus a gindi. Madalla, Allah ya yi albarka. Abin da ke sa ni fargaba shi ne garandar gwanjon da kuke ɗaukowa domin aikin a kasuwar Panteka ko wurin 'yan gwangwan, ku jona ta a wuta tun ba ku dube ta ba.

Ku fara karanta ɗan farantin da ke jikinta. Wutarmu bolt 230 ce, injin da aka ƙera domin Amurka kuwa 120 yake sha, in babu tiransifoma ƙonewa zai yi nan take. Da yawa cikin tsofaffin injuna gangar jikinsu ƙarfe ce zalla, kuma ba su da waya ta uku mai kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa. Ku kai wa mai gyaran lantarki ya sa ta, ya canza duk wayar da ta tsattsage. Kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Sai dutsen garandar. Ku kwance shi, ku rataye a yatsa, ku ɗan ƙwanƙwasa da ƙotar katako. Lafiyayye amo yake yi garau. Wanda ya tsage a ciki kuwa sautinsa a dushe yake, wannan a jefar, don irin garandar nan tana juyi kusan 2,850 a minti guda, in dutse ya fashe ɓaraguzansa fuska suke nema. Bayan an mayar da shi, a tsaya gefe a bar shi ya yi minti ɗaya yana gudu. Tazarar dutse da madogarar ƙarfen kada ta wuce milimita 3. A sa tabarau na aiki, a naɗe hannun riga, babbar riga kuwa a rataye ta can nesa. In an ɗauke wuta kuna tsakar aiki, ku kashe makunni ku zare filogi, don ba ta yin sallama in za ta dawo.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Aska ba adda ba ce. Maƙeri ya ba ta taurinta ne da wuta da ruwa, kuma zafi kaɗan ya isa ya ƙwace shi. Bakinta siriri ne ƙwarai, kafin yatsanku ya ji ɗumi a bayanta, can baki ya riga ya ƙone. In kuka ga ƙarfen ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, ya haura digiri 200 ke nan. In ya yi shuɗi ya kusa 300, wurin ya yi laushi, duk wasin duniya ba zai sa ya riƙe kaifi ba. Saboda haka ni dai ban yarda dutsen garanda ya taɓa aska ba sam. A cire shi a sa faifan ƙyalle da sabulun goge ƙarfe, a ajiye kwanon ruwa kusa, a taɓa kaɗan a tsoma, a taɓa a tsoma. A riƙe ta a ƙasan faifan, bayanta a sama, kaifin yana kallon inda faifan ke gudu. In aka juya ta, ƙyallen zai cafki bakin ya fizge ta daga hannu ya wurgo. Ba a sa safar hannu a nan, inji yana kama ta.

Mariƙin askar ma a kwance shi tukuna. Wasu na ƙaho ne ko ƙashi, wasu kuma tsohuwar roba ce da ake kira seluloid, tartsatsi ɗaya ya isa ta kama da wuta.

Tsatsar da ta ci rami, samfefa da ɗan mai ne maganinta, da hannu, daga mai kaushi zuwa mai laushi. Zai ci muku yini, na sani. Kaifi kuwa aikin dutsen wasi ne da fata, kuma kowane tsohon wanzami a unguwarku zai nuna muku yadda ake kwantar da aska a kai in kun je kun gaishe shi. Kafin ta taɓa kan wani, a wanke ta, a tsabtace ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta, don ba ku san kawunan da ta bi ba.